Dangwalin Yero a Wuyan Mnena

Malam Ferdinand ya iso Lafia a shekarar dubu biyu da huɗu, da tabarau a ido da wata baƙar jaka wadda ko bayan gida za shi ba ya ajiye ta. An ce ɗan Tibi ne, amma a barikin 'yan sanda na Legas aka haife shi, can ya tashi. In tsohuwa ta gaishe shi da Tibi sai ya yi murmushi ya amsa mata da Turanci. Aka ba shi darasin tarihi a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke bakin Akurba. Ni kuwa a gindin mangwaron ƙofar makarantar nake shimfiɗa tabarmata ina aski. Ɗanliti wanzami ake ce mini. Ubana wanzami ne, kakana ma haka. Abin da zan faɗa ba labarinsa aka ba ni ba, a gabana aka yi shi.

Akwai tsofaffi biyu da nake yi wa aski duk Alhamis. Ɗaya Yero, Bafulatani, rugarsa tana bayan Kwandere. Ɗayan Terngu, manomin doya, gonarsa tana jikin rugar. Tun zamanin iyayensu, in an kwashe amfanin gona, shanun gidan Yero ke kwana a gonar gidan Terngu, su ci harawa su bar taki. Da ƙafa ta gaza wa Terngu sai ya dawo Akurba wurin babban ɗansa Shima, mai tura doya Kudu a tirela. A gidan Shiman nan autar Yero, Usaina, take zaune saboda makaranta. Ɗaki ɗaya suke kwana da Mnena 'yar Shima, aji ɗaya suke, ajin ƙarshe. Daga ruga zuwa makarantar ba tafiyar da yarinya za ta yi kullum ba ce. In babu gidan Shima, babu karatun Usaina. Lokacin kuwa saura wata uku su zauna jarrabawar Wayek.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san Fulani da Tibi abokan wasa ne. Wata Alhamis ina cikin jiƙa wa Terngu kai, sai ga Yero ya jingine kekensa.

"Bawana, ka iso?" in ji Terngu. "Ajiye sandan nan, ka durƙusa ka gaida ubangidanka."

"Ji ɓarawon shanu," Yero ya ce. "Ina saniyata da kakanka ya cinye? Ɗanliti, in ka zo wajen wuyansa ka danna askar."

"Saniyan ya mutu da kansa. Mu taimako muka yi muka binne shi a ciki."

"Bawa dai ba ya kunya."

Muna cikin dariya sai muka ji an yi gyaran murya. Malam Ferdinand ne, ya fito sayen lemo. Ya tura tabarau sama da yatsa, ya dubi mutanen da kowannensu ya haifi uban da ya haife shi, ya ce da 'yar Hausarsa ta bariki, "Baba, wannan kalma ba wasa ba ne. Kun san mutum nawa ya mutu saboda wannan kalma? Shi ya sa Afirka ba ya ci gaba."

Terngu ya juyo da rabin kai a aske ya ce mini, "Ɗan waye wannan?"

Na ce, "Naku ne. Malamin tarihi."

"To, a gaida tarihi," in ji Yero.

Malamin ya tafi yana girgiza kai, kamar likitan da ya ga cutar da ta fi ƙarfin maganinsa. Da ma can ya tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma shi mai digiri in ya ga abin da bai gane ba, ba ya tambaya, gyarawa yake yi.

Bayan sati biyu za a yi ranar ba da kyaututtuka, iyaye duk za su zo. Malam Ferdinand ya ce ajinsa zai yi wasan kwaikwayo a kan cinikin bayi da zuwan Bature, wai yara sun fi riƙe abin da suka gani da ido. Wannan kam gaskiya ya faɗa, sun riƙe. Da ya tashi rabon aiki sai ya bi rajista yana duba suna. Duk mai sunan Fulani ko na Hausa ya zama mai kamen bayi. Duk mai sunan Tibi ko Eggon ko Migili ya zama bawa. Wai don abin ya yi kama da gaske. Sannan ya ce wa Usaina, tunda su ne masu shanu, ta zo da igiya mai tsawo daga gida.

Yarinya ta je ruga ranar Asabar. Igiya mai tsawo a ruga ɗaya ce: dangwali, wanda ake jera maruƙa a jikinsa, kowane maraƙi da zarensa a wuya. Bafulatani ba ya tsallake dangwali, ba ya aronsa, ba ya fitar da shi daga ruga sai in rugar ce ta tashi. Usaina ta san haka. Amma malam ya ce duk wanda bai kawo abin da aka sa shi ba ba zai ga makinsa ba, ga wani tsohon dangwali na kakanta a rataye a bayan bukka, ga uban ba ya nan. Ta naɗe shi ta tura a jaka.

Ranar taro na rufe zabirata na shiga, don an ba ni kujera a layin dattawa. Yero bai zo ba, yana wajen allurar shanu. Terngu da Shima suna layin gaba. Aka yi addu'a iri biyu, aka yi jawabai har rana ta take. Sai aka buga ganga. Ga yara bakwai sun fito a jere, an shafa musu toka, kowanne da zaren maraƙi a wuya. Mnena ce a gaba. Usaina na riƙe da bakin igiyar, an naɗa mata rawani, an ba ta tsumagiya. Malam yana gefe da takarda yana yi mata alama da hannu wai ta ja da ƙarfi. Ta ja. Mnena ta faɗi a kan gwiwa kamar yadda aka koya mata, ta fasa kuka. Kukan ma na koyo ne, don na ga suna satar kallon juna suna danne dariya.

Daga nan sai ga Bature. Wani dogon yaro ne aka bulbula wa garin rogo a fuska, aka kifa masa hular kwano. Ya ɗaga hannu ya yi Turanci, ya zaro almakashin tela, ya bi dangwalin yana datsewa gunduwa-gunduwa, bayi suna durƙusa masa suna godiya. Na ce a raina, oho, ashe haka aka yi. Ƙanen ubana da aka tafi da shi ɗiban gwamna haƙar kuza a Jos, bai dawo ba, ko shi ma almakashin ne bai kai kansa ba.

Ba a gama tafi ba Shima ya miƙe. Shekara uku kafin wannan, a rikicin da aka yi a ƙasar nan, an tare ƙaninsa Aper a hanya aka kashe shi, har yau ba a san wanda ya yi ba. Duk da haka Shima bai kori 'yar Fulani daga gidansa ba, don ubansa Terngu ya ce a bar ta. Amma ranar nan ya hau dandamali, ya fizge guntun igiyar daga wuyan 'yarsa, ya ɗaga shi sama.

"Igiyan maraƙi!" ya ce. "A wuyan 'yata! Yarinyan da nake ciyarwa shi ne ya ja shi a gaban duk Lafia!"

Malam Ferdinand ya matso yana cewa, "Oga, wasa ne kawai, ilimi ne." Shima ko kallonsa bai yi ba. Ya ja Mnena suka fita, mutanensa suka bi shi, taro ya watse. Kafin la'asar akwatin Usaina yana waje a ƙofar gida. Ta ɗauko shi a ka ta zo gindin mangwaro, don ba ta san inda za ta ba. Na tura ta wurin iyalina, na aika wa uban.

Washegari Yero ya zo. Usaina ta zube masa guntayen dangwalin a gabansa, don ta bi ta tsince su. Ya tsuguna ya daɗe yana jujjuya su.

"Na ubana ne," ya ce. "Da hannunsa ya tufka." Sai ya miƙe. "Ɗauki akwatinki. Bokon ya isa haka."

"Baffa, na yi laifi, ka doke ni," in ji ta. "Amma Wayek sai na rubuta, ko a gindin mangwaron nan zan riƙa kwana."

"A gidan wa? Ɗanliti ɗakinsa ɗaya. Wanda ya riƙe ki ya jefo kayanki waje."

Ba ta taɓa akwatin ba. Shugaban makaranta ya riga ya kira taron iyaye ranar Asabar a kan maganar, sai na roƙi Yero ya bar ta wurina zuwa ranar. Ya ce zuwa Asabar, ba ƙari.

Ranar Juma'a Terngu ya dogaro sanda ya zo, ba don aski ba. Ya zauna ya rage murya.

"Ɗanliti, Shima ba ya ji na. Gidan nasa ne, ni yanzu baƙo ne. Kai ka faɗa masa maganan nan."

Akwai wata magana da gida uku kaɗai suka sani: gidan Yero, gidan Terngu, da namu na wanzamai. Iyayenmu sun yi rantsuwa a kanta, ko 'ya'ya ba a gaya wa sai babba ɗaya, shi ma sai uba ya ga mutuwa ta matso.

Na ce, "Kai me ya hana ka?"

"Rabin nawa ne. Rabin na Yero ne, kuma nasa ya fi nauyi."

"To ni ko rabi ba ni da shi. Mu wanzamai muna ganin abin da hula ta rufe da abin da zani ya rufe, shi ya sa ake barinmu mu shiga gida. Ba zan fara a kanku ba."

Ya tashi ya tafi yana zagina da Tibi.

Ranar Asabar da hantsi aka cika ajin. Tibi suka zauna hannun dama, Shima a gabansu ya harɗe hannu. Yero yana hagu da wasu dattawan Fulani uku da Arɗo ya turo su ji yadda aka yi da dangwali. 'Yan matan biyu suna tsaye a bakin allo, kowacce ta dubi bango dabam. Shugaban makaranta ya ba Malam Ferdinand dama ya ba da haƙuri. Mu duka mun ɗauka haƙurin zai bayar. Sai ya buɗe baƙar jakar nan ya zaro littafi.

"Ni ban ƙirƙira komai ba," ya ce. "Ga shi a rubuce. Waɗannan suka kama, waɗannan aka kama. Yana cikin manhaja, zai iya fitowa a Wayek. In gaskiya yana da zafi, ba laifin malami ba ne."

Shima ya ce, "Kun ji ko? Littafi ma ya faɗa. To kowa ya riƙe nasa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ni ban yi boko ba, tambaya zan yi. A littafin nan naka akwai sunan ko mutum ɗaya da aka sayar a ƙasar nan? Da wanda ya sayar da shi, da wanda ya saya?"

Ya bubbuɗa shafi. "Baba, tarihi ba ya aiki haka. Muna magana a kan al'umma ne."

"Wato babu."

"Babu suna, amma..."

"Ni ina da suna," in ji Yero.

Ya miƙe a hankali, ya ba ɗaya daga cikin dattawan sandarsa ya riƙe masa. Ya dubi 'yarsa sau ɗaya, daga nan bai sake dubanta ba.

"Uwar ubana Juwairiya ake ce mata. Wannan sunan da kakana ya sa mata ne. Sunan da uwarta ta raɗa mata Msurshima. Tibi ce. Shekarar da fara ta cinye gonaki aka kawo ta, tana 'yar shekara tara, kakana ya ba da gishirin Keana da akuya ya karɓe ta. Ba yaƙi, ba doki, ba wanda ya kama wani. Da ta girma ya aure ta, ta haifi ubana. Dangwalin da kuka daddatsa, ɗanta ne ya tufka shi."

Terngu ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya tashi.

"Wanda ya kawo Msurshima, kakana ne, Iortyer," ya ce, yana duban ɗansa. "Ƙanwansa ne, ciki ɗaya. Yara suna mutuwa a gida, ya ɗauki ɗaya ya sayar don sauran su ci. Mu ne sauran. Bayan Bature ya hana, ubana ya yi shekara yana nema, ya same shi a kasuwan Lafia yana tallan nono. Ya ce zo mu koma gida. Msurshima ya ce a'a, yara huɗu, ina zan kai su? Daga ranar ubana ya ce shanun gidan nan su kwana a gonanmu har abada. Kai kana tsammani don taki ne?"

Shima ya ce, "Ƙarya ne." Amma muryarsa ba ta fita sosai ba. Ya juyo wurina, don ya san wanzami ba ya shaidar zur a kan zane.

Tunda masu maganar sun buɗe ta da kansu, sai na ce, "Kakana aka kira ya ɗora mata zanen Fulani a kan tsagen Tibi. Na gefen ido bai ɓoyu ba. Da shi kakanka ya gane ta."

Dattawan Arɗo uku suka dubi juna. Wanda ke riƙe da sandar Yero ya jingine ta a bango, ba a hannunsa ya mayar masa ba. Suka sa takalma suka fita, ba sallama. Yero ya san za su yi haka tun kafin ya buɗe baki. Shekara saba'in yana zaune a tsakiyar tabarmarsu a matsayin Bafulatani tsantsa.

Ya ɗauki sandarsa ya ce wa malamin, "To, malam, ga yaranka nan. Wannan jikar wadda aka sayar ce, ita ka ba tsumagiya. Waccan jikar wanda ya sayar ce, ita ka sa wa igiya. In za ka sake wasan, sai ka duba littafin ka gaya mana wuyan wa za a ɗaura."

Kuna tsammani kunya ta kama malamin? Rubutu yake yi. Biro na gudu a kan takarda, ido na ƙyalli. Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan babban abu ne! Za ka iya maimaitawa in kawo rikoda?" Shugaban makaranta ne ya kama hannun rigarsa ya zaunar da shi.

Shima ya fita. Muka ɗauka shi ke nan, Yero ya tona kansa a banza. Usaina ta koma gidana ta zauna a kan akwatinta, uban yana waje yana jiran rana ta yi sanyi su kama hanyar Kwandere. Bayan azahar sai ga Shima a ƙafa, Mnena na biye da shi. Bai gaida Yero da baki ba, hula kawai ya cire. Ya shiga ya ce wa Usaina ta tashi. Mutumin da ke da yaran mota shida masu yi masa lodi, ya sunkuya ya ɗora akwatin a kansa.

"Wuce gaba," ya ce mata. "Karatu yana jiranku."

Usaina ta rubuta jarrabawarta ta ci, har da tarihin. Ban san abin da ta rubuta musu ba. Yero kuwa, tun daga ranar, in an yanka sa a rugagen bayan Kwandere a bakin tabarma yake zama, kason manya ya daina zuwa gabansa. Bai taɓa kawo mini ƙarar wannan ba, a bakin wasu na ji. Malam Ferdinand ya yi ta zarya gindin mangwaro da rikodarsa, har ya ce in yi masa aski don mu saba. Na yi masa, na karkata masa kai na ce ya rufe baki kada aska ta zame. Ƙarshen shekara aka ba shi kyautar malamin da ya fi ƙwazo.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan taron, Terngu yana kan tabarmata sai ga Yero ya jingine keke. Terngu ya buɗe baki kamar kullum, sai kalmar ta tsaya masa. Ya yi tari. Ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa."

Yero ya tsaya cak ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan'uwa? Na zubar da girmana a gaban yara don ka zo kana yi mini gaisuwar coci? Jikan mai sayar da ƙanwa, matsa can, ubangidanka zai zauna."

"Kai, ji bawan nan!" in ji Terngu. "Gishirin ma an ce rabi yashi ne. Har yau muna bin ku ciko."

Na ce su biyun su yi mini shiru, aska a hannuna take.